Gadar Goggo Ottie

Duk kwarin Caney babu wanda bai san muryar Orval Tackett ba, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, don tun daga kan kwanar hanya ake jiyo shi. Shekara uku ya yi a Dayton, a wani kamfanin haɗa motoci, ya dawo mana da takalmi mai ƙyalli da wata 'yar hula da ba ta tare rana. Waɗanda suka je can suka gan shi da idonsu sun ce tsintsiya ce aikinsa. Shi kuwa in ya zauna ba da labari, sai ka rantse babu motar da ta taɓa fita daga jihar Ohio ba a kira shi ya saurari injinta ba. Ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ya fara gaya maka yadda ake miƙa gishiri a Dayton.

To, a shekarar da nake faɗa muku, ambaliyar watan Maris ta kwashe gadar ƙafa ta rafin Caney, ko ƙusa ba ta bari ba. Gadar ba wata babba ba ce, amma ita kaɗai ce hanyar zuwa maƙabartar da ke kan tudun ƙetare. Ga ranar furanni kuma ta matso, Lahadi ta biyu a watan Yuni, ranar da dangi na kusa da na nesa suke taruwa su share kaburbura, su ɗora furanni, a yi waƙoƙi, a baje abinci a gindin itatuwa. Masu jini a jika ba su damu ba, in ta kama su tuɓe takalmi su bi ta cikin ruwa. Wadda abin ya tsaya wa a rai ita ce Goggo Ottie Slone. Shekararta tamanin da huɗu, gwiwoyinta sun daina jin magana, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan da binne mijinta Virgil a tudun nan, ba ta taɓa fashin kai masa fure ba. Ta faɗa da bakinta cewa bana kawai take da tabbaci, baɗi sai wanda ya gani.

Saboda haka ta sa aka kai ta gidan Kawu Hobart Stamper, mai injin yankan katako ɗaya tilo a kwarin. Ta same shi kwance a bakin taga, ƙafa ɗaya cikin filasta har cinya, gungume ne ya mirgino masa. 'Yarsa Wilodean tana jinyarsa. Mijinta kuwa, wato Orval, yana taya ta jinyar ta hanyar cinye abincin da maƙwabta suke kawo wa majinyaci.

"Hobart, katakon gada nake so," in ji Goggo Ottie. "Dogaye biyu masu ƙafa ashirin, gajeru talatin na shimfiɗawa. Kuma na icen baƙin lokas, ba na son icen da zai riga ni ruɓewa."

"Goggo, ga ƙafa kina gani. Likita ya ce sati shida."

"Ni kuma kwana goma gare ni."

Orval ya ajiye cinyar kaza ya goge baki da bayan hannu. "Kwana goma? Haba Goggo! A Dayton in aka ba mu kwana goma, unguwa guda muke ginawa har mu shafa fenti. Ki bar mini aikin nan."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, ka taɓa yanka katako?"

"Mutumin da ya saba da ƙarfe ne zai tsaya jin tsoron ice? Ranar Lahadin furanni, ƙarfe goma, za ki taka gadar da za a riƙa zuwa kallo daga wasu jihohi. Na yi miki alkawari, ga Baba nan shaida."

Kawu Hobart ya rufe ido kamar mai jin sabon ciwo. Babu wani a kwarin da ke da lokacin aikin, kowa yana fama da gona. Da ya buɗe idon sai ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, Orval. Ka hau dutse ka saro icenka. Kada ka taɓa wanda ke kan iyakar gona."

"Na ji, Baba," in ji Orval, idonsa a kan ragowar kazar.

Washegari ya fita ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Hularsa ta faɗi kafin ya hango ƙarshensa. Lokas ɗin da ke can sama sai an yi kwana biyu ana jan su da alfadari, ga ƙaya, ga macizai. Da ya juyo sai idonsa ya faɗa kan iyakar gonar Estill Combs, a nan bakin hanya: manyan lokas guda takwas a jere, masu kauri, miƙaƙƙu, mota za ta iya tsayawa a gindinsu. Orval ya yi dariya shi kaɗai. Ya daɗe da gane cewa tsofaffin kwarin nan son wahala ne ya yi musu yawa, in abu bai fasa musu baya ba sai su ce ba shi da albarka.

Estill yana zaune a barandarsa yana tauna taba lokacin da Orval ya kawo masa maganar.

"Waɗancan na kan shinge?" in ji Estill. "Su kake so?"

"Su."

"A injin Hobart za ka sa su?"

"To a ina, a injin ɗinki?"

Estill ya mayar da tabarsa daga wannan kunci zuwa wancan, a hankali. "Kwashe su duka, Injiniya, kyauta na ba ka. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da za ka yanka, ka aiko a gaya mini in zo da kujerata."

Abin da kowa ya sani a kwarin nan tun kafin a yaye shi shi ne, lokas ba ya ruɓewa, don haka kakanninmu ba su ɓata lokacin kafa turaku a inda ya tsiro ba. A jikinsa suke buga wayar shinge. Ice ya yi ta girma yana haɗiye waya da ƙusa, shekara hamsin, shekara saba'in, har ɓawo ya rufe kamar ba a taɓa yin komai ba. Orval ma ya taɓa sanin haka, amma Dayton ta wanke masa shi tas.

Ya sa zarton inji a gindin na farko, Wilodean tana tsaye daga nesa ta harɗe hannu.

"Orval, tartsatsin wuta nake gani."

"Ƙarfin icen ne, mace. Lokas mai kyau haka yake yi."

Icen ya yi ƙara ya kwanta. Sai dai bai kwanta shi kaɗai ba. Wayar da ta shiga cikinsa ta wannan gefe ta fita ta wancan, kuma har yanzu tana ɗaure da sauran shingen. Turaku suka riƙa tumɓukewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana warware ɗinki, har can gindin gangare. Shanun Estill guda bakwai suka ɗago kai, suka dubi ƙofar da Allah ya buɗe musu, suka tako a natse suka tsallaka hanya, suka shiga lambun waken Wilodean.

"Wakena!" Wilodean ta cire takalmi ta rasa wa za ta jefa, saniya ko miji. Ta zaɓi miji.

"Shanuna sun gode, Wilodean," in ji Estill daga baranda. "Kai kuma Injiniya, shingen nan dama ya daɗe yana son gyara. Tun da ka fara, in ka gama da gada sai ka dawo ka ƙarasa."

Kwana uku suka tafi a kamun shanu da kwasar gumagumai a a-kori-kura. Ranar Alhamis da hantsi Orval ya tayar da injin. Bai aika wa Estill ba, amma Estill ya zo da kujerarsa, kuma bai zo shi kaɗai ba. Maza kusan ashirin suka bar gonakinsu. Abin da ya ba Orval mamaki shi ne inda suka zauna: wasu a bayan tarin garin katako, wasu a bayan motocinsu, kai kawai suke leƙowa. Fasto Arlie Fugate, wanda ya ce ya zo sa albarka ne, ya durƙusa a bayan gangar ruwa.

"Ku matso mana ku koyi aiki!" in ji Orval.

"Daga nan ma muna koyo," in ji Estill.

Orval ya ɗauka girmamawa ce, ya ji daɗi har cikin ransa. Wilodean ce za ta riƙa karɓar katako a ɗaya ƙarshen, ta kuwa fito da tukunyar ƙarfe a kife a kanta.

"Meye wannan kuma?"

"Rana nake tarewa," in ji ta daga cikin tukunyar.

Zarton Kawu Hobart babban faifai ne da ya kai ƙirjin mutum, da haƙoran ƙarfe arba'in da shida waɗanda ake cirewa a mayar. Shekara talatin yana wasa su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ya kula da su fiye da na bakinsa, shi ya sa na bakin suka yi fushi suka watse. Orval ya ɗora gungume na farko a kan keken injin, ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ja sandar tura keken. Zarto ya shiga ice yana waƙa mai daɗi, garin katako rawaya yana tashi. Ya yi tafiyar ƙafa biyu cikin lafiya. Daga nan sai aka ji ƙarar da ta sa karnukan kwarin duka suka ɗauki haushi. Wani abu ya wuce fiu ta gefen kunnen Orval, ya huda gangar Fasto ta gaba ya fita ta baya, ruwa ya fara tsiyaya cikin takalminsa.

Daga tagar gida, can sama da injin, muryar Kawu Hobart ta sauko.

"Ƙusar shinge ce wannan! Orval! Daga ina ka samo icen nan?"

"Daga dutse, Baba!"

"Wane ɗan banza ne ya hau dutse ya buga masa ƙusa?"

Orval ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. Ya sake jan sanda. Wannan karon haƙora biyu suka tafi tare, ɗaya ya yi ƙwal a kan tukunyar Wilodean.

"Waya mai ƙaya, layi uku!" in ji taga.

Estill ya lallaɓo ya leƙa cikin yankan. "Layi uku ne kuwa," ya gaya wa jama'a. Aka yi tafi.

Daga nan abin ya zama wasa. Duk sa'ad da zarto ya yi kuka, kowa ya yi tsit a jira taga ta faɗi abin da aka ci karo da shi, Estill kuma ya je ya tono ya nuna.

"Takalmin doki!"

"Ka kuskure, Hobart," in ji Estill, "na alfadari ne! Kunnenka ya fara tsufa!"

A gungume na biyar zarto ya tsaya cak, bel ɗin injin ya zame, hayaƙi ya tashi. Taga ta ce, "Wannan kam ban san shi ba." Da aka fasa icen sai ga kan gatari, baƙi ƙirin, kwance a tsakiyar gungume. Estill ya ɗauka ya jujjuya, ya tofar da tabarsa.

"Gatarin babana ne. A nan ashe ya maƙala shi ya manta. Fasto, shekara ashirin yana cewa babanka ne ya sace shi."

Fasto ya miƙe daga bayan ganga, takalmi yana ƙwacal-ƙwacal. "Mahaifina ya bar duniya da sunan ɓarawon gatari, Estill."

"To, a yi haƙuri."

"An yi."

Suka yi musabaha a gaban kowa. Orval, fuska duk baƙin mai, ya buga ƙirji. "Kun gani ko? Wa ya taɓa yin yankan katakon da ya sasanta dangi biyu a kwarin nan?"

Kafin la'asar ya gama, amma zarto ya koma kamar bakin mai shi. Da haƙoran suka ragu sai faifan ya riƙa yawo a cikin ice yadda ya ga dama, katako ya fito da kauri a wannan kai, a wancan kai kuwa ana iya yanka tumatir da shi. Ga kuma halin lokas. Ice ne mai taurin kai, in ka yanki gefe ɗaya sai ya lanƙwashe, shi ya sa Kawu Hobart yake juya gungume bayan kowane yanka. Orval ya ce wannan aikin masu lokaci ne. Ya kuma watsa katakon a filin rana ba tare da ya jera ya danne su ba, wai su sha iska.

Ranar Juma'a Kawu Hobart ya sa aka ba shi sanduna, ya ɗingisa har gindin injin. Ya sa yatsa yana shafa guraben haƙoran, hawaye yana bin gemunsa.

"Wilodean, ranar da kika ce shi kike so, me na ce miki?"

"Ka ce in sake tunani, Baba."

"To har yanzu ƙofa a buɗe take."

Suna cikin haka aka kawo Goggo Ottie ganin aikinta. Ta zagaya katakon tana dogara sanda. Wasu sun ɗaga kai da ƙafa sama, wasu sun murɗe, dogayen biyu kuwa kowanne ya yi baka.

"Ɗan nan, gada na ce ko kwale-kwale?"

"Sabon yayi ne, Goggo. Ruwan sama ba ya kwanciya a kansu. A birni sai mai hali yake samun irinsu."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "Furannina sun buɗe jiya. Jajaye ne, irin waɗanda yake so. Virgil bai taɓa jirana ban zo ba, Orval."

A karo na farko tun da ya karɓi aikin Orval ya ji tsoro na gaske. Amma bakinsa bai saba jiran zuciyarsa ba, ya riga ya yi gaba. "Ƙarfe goma, Goggo. Ki sa takalminki mai kyau."

Asabar tun da safe yana bakin rafi da guduma da buhun ƙusa. Estill ya biyo shi da kujera. Kwana biyu a rana sun mayar da katakon ƙashi. Ƙusa ta farko ta shiga rabin inci ta durƙusa. Ta biyu ta kwanta. Ta uku ta yi tsalle ta faɗa ruwa. Ta huɗu ta kauce, guduma ta sauka a kan babban yatsan Orval, ya faɗi wasu kalmomi da ya koyo a Dayton waɗanda ba su da alaƙa da mota.

"Hobart sai ya huda kafin ya buga," in ji Estill.

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ina ni ina koya wa injiniya aiki?"

Orval ya ɗauko mahuji, ya karya bakinsa a rami na biyu. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ya tabbata babu wanda ya taɓa yi, kuma a nan kam gaskiyarsa ne. Ya kwaso igiyar ɗaurin ciyawa daga rumbun Estill. Dogayen biyu ya shimfiɗa su doro na fuskantar doro, a bakin rafi sun buɗe, a tsakiya sun kusa haɗuwa. Ya jera gajerun a kai ya ɗaɗɗaure da igiya. Na tsakiya suna zaune ne a kan faɗin tafin hannu biyu, fukafukansu a iska hagu da dama.

"Ƙugu na yi mata," in ji Orval yana ja da baya yana kallo. "Ƙusa ma tsatsa take yi."

Estill ya naɗe kujerarsa. "Gobe da asuba zan zo in kama wuri."

Lahadi ta waye garau. Motoci suka cika bakin hanya, daga Ohio, daga Indiana, har da wata daga Michigan. Mata sun sha hulunan coci, hannuwa cike da furanni da kwanuka: soyayyun kaji, wake, burodin masara. A gaba akwai matar Fasto, Goggo Verna, mace mai jiki masha Allah, tana riƙe da kek ɗin tuffa mai hawa bakwai wanda ta yi kwana biyu tana haɗawa. Jama'a suka iso bakin gada suka tsaya. Kowa ya zama mai ladabi, kowa yana ce wa na kusa da shi ya fara. Karen Estill ya zo ya shinshina katako na farko, ya ɗaga kai ya dubi Orval, ya sauka ya bi ta cikin ruwa.

"Kare ne, me ya sani?" in ji Orval. Ya sa farar riga da takalminsa mai ƙyalli, yatsa a naɗe da tsumma. Ya hau katako na farko ya juyo ya yi jawabi. Ya yi maganar ci gaba, ya yi maganar masu hassada, ya ce jikokin jikokinsu za su taka gadar nan su tambayi wane ne ya yi ta.

"Za su tambaya kam," in ji Wilodean.

"Ɗan'uwa Orval," in ji Fasto, "ko a fara yin addu'a?"

"A yi ta a ƙetare, Fasto. Goggo Verna, kawo kek ɗin nan. Wilodean, miƙo tukunyar wake. Da kaya zan haye, don kowa ya ga ƙarfinta."

Kafin Goggo Verna ta buɗe baki ya karɓe farantin. Kek a hannun dama, tukunyar wake a hagu, ya fara takawa. Katako ya yi ƙara, igiya ta yi ƙara, amma suka riƙe. Taku uku, taku biyar. Da ya ga ya kai tsakiya lafiya, daɗi ya kwashe shi. Da ya wuce kawai, da wataƙila yau wani labarin nake ba ku. Amma Orval ba zai iya wuce tsakiyar taro bai juyo ba. Ya juyo, ya matsa gefe don kowa ya gan shi da kyau, ya ɗaga ƙafa ya doka.

"Kun ji? Dutse!"

Igiya ta ce tas. Gefen da ya taka ya yi ƙasa, ɗaya gefen ya taso ya zabga masa a mazaunai da ƙarar da aka ji har bakin hanya. Kek ya yi sama. Orval ya yi ƙasa, tukunyar wake ta bi shi ta kife a kansa. Sauran katakon da suka ga an buɗe hanya suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa, waɗanda suka fi lanƙwasa suka kama hanyar gangare suna tafiya abinsu. Kek ɗin kuwa ya sauka a kan ciyawar ƙetare, hawa bakwai ɗinsa cif, daidai gaban karen Estill.

Dariyar da aka yi a ranar ba a taɓa yin irinta a hanyar maƙabarta ba. Estill ya faɗo daga kujera. Fasto ya toshe baki da littafin waƙoƙi, kafaɗunsa suna rawa. Orval ya miƙe tsaye, ruwa iya cinya, ya cire tukunya daga kansa, wake yana gangarowa ta cikin kwalar riga.

Sai dariyar ta fara mutuwa daga gefe ɗaya. Goggo Ottie ce ta tako har bakin ruwa, cikin takalminta mai kyau, jajayen furanni a rungume a ƙirji. Ba ta dubi Orval ba, ba ta dubi dogayen katako biyun da suka rage tsirara ba. Tudun take kallo. Orval ya ga fuskarta. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma rafin ya fi haka zurfi.

"Orval," in ji ta. "Matso nan."

Ya tako cikin ruwa har gabanta. "Goggo, na rantse miki, igiyar ce..."

"Juya."

Ya juya.

"Durƙusa."

Ya durƙusa. Ta miƙa wa Wilodean sandarta, ta tattare bakin rigarta, ta haye bayansa ta saƙalo wuyansa da hannu ɗaya.

"Gada na yi oda, kai ka karɓi aikin. Mu je."

Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ya goya damin kara. Wannan ne ya fi komai tsorata shi. Duwatsun rafin suna da santsi, takalmin birni kuma ba don su aka yi shi ba. Sai ya laluba da ƙafa, ya tabbatar, sannan ya ɗaga ɗayar. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin wani abu a hankali haka ba. Furanni suna sosa masa kunne. A tsakiyar ruwa ya ji ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Haka Virgil ya ƙetare da ni ranar aurenmu," ta ce a hankali. "Lokacin ko gadar ba a yi ba. Sai dai shi ba ya warin wake."

Ya sauke ta a kan ciyawa kamar mai ajiye ƙwai. Jikokinta biyu da suka biyo ta ruwa suka kama ta hagu da dama. Kafin ta juya ta ɗora tafin hannunta a kumatunsa, ta share masa ƙwayar wake ɗaya.

"Ka kawo ni, ɗan nan."

Orval ya tsaya yana kallonta tana hawa tudu da furanninta, idonsa ya cika. Ya ja hanci, ya juyo don ya fita daga ruwa ya nemi inda zai ɓuya.

A bakin rafi tsofaffin mata goma sha ɗaya sun yi layi, kowace da hularta da furanninta. Can ƙarshen layi Kawu Hobart ne a kan sandunansa, shi ma kabarin matarsa yana tudun. A gaba kuwa Goggo Verna ce, ta riga ta miƙa wa Fasto jakarta tana naɗe hannun riga.

"Kek ɗina ya riga ya haye," ta ce. "Saura mai shi. Durƙusa."

Daga rabin tudu Goggo Ottie ta waiwayo ta ɗaga murya.

"Verna! In kun gama da shi ku bar shi a wurin. Ƙarfe huɗu zan dawo."